Na gina gidan siminti na koma kwana a tsakar gida: wa ke yanka mana Gusau ta gobe?

Ɗan Kanwuri: Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin a yi min afuwa in na ɗan kauce ma abin da aka saba, amma abin ne ya ishe ni. Shekara huɗu kenan da na tashi daga gidanmu na gado can cikin gari na koma nawa a bayan Baifas, gidan da na kwashe shekara tara ina ginawa bulo ɗari yau bulo hamsin gobe, har ranar tarewa aka yanka rago aka yi walima kowa na min barka. To jiya ƙarfe ɗayan dare ba wuta, batirin sola ya ƙare, ƙaramar yarinyata na ta kuka duk ƙurajen zafi sun feso mata a wuya, na jawo katifa na fito tsakar gida, wallahi intalok ɗin da na shimfiɗa da kuɗina ji na yi kamar na taka tanda, na dafa bango shi ma ɗumi kamar yanzu aka sauke tukunya a jikinsa. Sai da na kwara bokiti biyu a ƙasa, ruwan da na saya wurin mai kura, kafin muka iya kwanciya. Ina kwance ina kallon sama sai ɗakin tsohuwarmu ya faɗo min a rai, ɗakin ƙasa mai azara, wanda ko a watan Afrilu da rana tsaka in ka shiga kamar ka leƙa cikin randa, ga durumi a ƙofar gida da ya girmi babanmu. A layinmu na yanzu gida ya fi talatin amma ko bishiya ɗaya babu, kuma maƙwabcina na hagu sai da aka yi masa rasuwa da kwana biyu na ji. Tambayata ita ce, mu muka ci gaba ko baya muka ci? Kuma wa ke tsara wannan garin ne ma tukun?

Mai Bulo: Wa alaikumussalam. Alhaji ban da ɓata mana sana'a fa hhhh. Lokacin da kake zuwa kana cewa a ƙara maka ɗari biyu bashi ai ba ka ce bulo na da zafi ba. Ka sa esi kawai ka huta.

Ɗan Kanwuri: Esi da wace wutar mutumina? Ko kai za ka riƙa zuba min mai a janareto?

Injiniya: Yaya abin da ka taɓa a bango ba aljani ba ne, rana ce ta wuni a ciki. Siminti da kwalta da kwano suna shan zafi tun safe, sai rana ta faɗi su fara amayar da shi, shi ya sa dare ya fi muni. Bulon inci shida mai rami a ciki ba shi da kaurin da zai tare komai, kafin la'asar zafin ya ratsa. Bangon ƙasa na tsohuwa kuwa kaurinsa ya kai kamu biyu ko fiye, kafin zafin rana ya gama ratsa shi dare ya yi iska ta sauya. Sannan kwano, mu yanzu yayin da ake yi shi ne dogon rufi mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa, irin wanda aka kwaikwayo daga ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, a garin da zafi ke haura digiri 40. Baƙin abu shan rana yake. Kuma ba gidanka kaɗai ba ne, gida talatin ɗin nan duk tare kuke gasa juna, kowa ya malale tsakar gidansa da siminti ya ja katanga mai tsawo ya toshe ma ɗan uwansa iska. Ita bishiya aiki biyu take, ta hana rana taɓa ƙasa sannan ganyenta na fitar da danshi. Ka gwada tafiya a babur da magariba daga kasuwa ka nufi bakin gulbi, tun kafin ka ga ruwan fatarka za ta gaya maka ka bar cikin gari.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Ɗiyana ku bari in sa baki, ni na ga wanga gari tun yana ɗan ƙarami. Gusau ta Sambo dogo ne ya tashe ta. Jirgin ƙasa da yat taso Zariya ya bi ta nan har Ƙaura Namoda a 1929, shi yaj jawo kamfunnan sayen gyaɗa da auduga, shi yaj jawo Yarbawa da Ibo da mutanen ko'ina. Turawa sunka zo da nasu tsari, su suna GRA, baƙi 'yan kudu Sabon Gari, baƙi 'yan arewa Tudun Wada, 'yan gari suna cikin gari. Kar ku ɗauka don son mu anka yi, dokar Gwamna Lugga ta 1917 har cewa ta yi a bar hili yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na baƙar hwata, wai don kar sauron da yac cije mu ya kai gare su. Wariya ce tsantsa. Amma abu guda da ba ni musu, duk inda sunka yanka sai sun hidda hanya tukun kahin a aza tubali guda, ku duba layukan Sabon Gari da Tudun Wada har yau a miƙe suke. Muna firamare kowane yaro anka ba shi icce guda na dogon yaro, kai za ka ba shi ruwa kai za ka kange shi da ƙaya, in akuya ta ci naka bulala ce ranar Litinin. Ga duba-gari, in sunka shigo shiyya mata har rawar jiki suke, randa ma sai an leƙa. To 1 ga Oktoba 1996 anka ba mu jiha, munka yi murna munka yi kiɗi, ma'aikata sunka kwaso kaya daga Sakkwato rana ɗaya, gari ya kumbura kamar an sa mai yis, amma ba wanda yat tsaya yac ce to ina ruwan sama za shi bi, ina yara za su yi wasa. Gonakin da muka zuwa cin gyaɗa muna yara duk gidaje na yanzu.

Matashi 2050: Baba Allah ya ƙara girma amma gaskiya ni wannan maganar ta da can da can ita ke hana mu motsi. Duniya ta wuce wurin. Ku dubi Dubai, hamada ce fa kamar tamu ko ma ta fi tamu, yanzu gini mafi tsawo a duniya can yake, mita 828. Saudiyya a 2021 ta fito da shirin gari guda a miƙe kamar layi tsawon kilomita 170 ba mota a ciki. Mu kuma muna nan muna zancen azara da durumi. Abin da Gusau ke buƙata gadar sama da dogayen benaye da manyan shaguna irin na Abuja, a rushe tsoffin unguwannin nan masu lunguna a yi sabon abu. In ba mu yi mafarki babba ba yaushe za mu kai?

Mai Bulo: Wannan yaron nawa ne, a yi benaye mu sayar da bulo.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena bene hawa goma a garin da ruwan famfo sai an yi sa'a? Wa zai hau maka da jarka, ko mai kura zai sa fiffike?

Ɗan Mararaba: Bari in amsa ma ƙanenmu tunda ni a Abujar nake ci da gumi shekara goma sha ɗaya. Abuja ita ce garin da aka zauna aka zana a takarda tun daga farko, Murtala ya yi dokarta a 1976, aka gama babbar taswirar a 1979, har wani mashahurin mai zanen gini ɗan Japan, Kenzo Tange, ya zana tsakiyar birnin, gwamnati ta tare a Disamban 1991. Tituna kam sai wanda ya gani. Amma ka tambayi direba da masinja da mai gadi da malamin firamare ina suke kwana? Nyanya, Mararaba, Masaka, Suleja. Mararaba ma ba Abuja ba ce jihar Nasarawa ce. Ni ƙarfe biyar na asuba nake fita, sallar asuba sau da yawa a bakin titi, in dawo bayan isha'i yara sun yi barci, ran Asabar kaɗai ɗana ke ganina da rana har ya fara min kallon baƙo. Garin an zana shi ne don mai mota, in ba ka da ita tsallaka titi kaɗai sai ka yi kalmar shahada. To in irin wannan kake ma Gusau fata, ka sani kai da ni a Kwatarkwashi za mu riƙa kwana muna shigowa aiki.

Matashi 2050: To Yaya ai ba cewa na yi a kori talaka ba.

Ɗan Mararaba: Ba a cewa ai, kuɗin haya ke korarsa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai tunda aka fara maza ke ta zancen zafi da titi, bari in faɗi namu na mata don mu ke wuni a gidajen nan, ku da safe kun fice. Lokacin muna gidan surukaina a Birnin Ruwa ina yin awara da ƙuli da kunun aya, ko tallan ban cika ɗora ma kowa ba, yaran unguwa ke shigowa da kansu, kafin azahar na sayar, da kuɗin nake adashi da shi na yi ma ƙanwata gudunmawar aure. Gida na jikin gida, ta lungu zan bi in je barka in je gaisuwa in dawo tuwo bai ƙone ba, in naƙuda ta kama mace da dare kafin a nemo mota tsofaffi uku sun iso. Da maigidan ya yi nasa can wajen hanyar Sakkwato kowa na ce min kin huta kin samu naki ke kaɗai. Wata uku na yi ina soya awara muna cinye abinmu, wa zai saya? Hagu kango, dama get a kulle, gaba fili an zagaye an tafi. Na bar sana'ar. Cefane sai na hau keke Napep zuwa da dawowa, kuɗin motar wani lokaci ya kusa na kayan miyan. Makarantar gwamnati babu kusa, Islamiyya sai an tsallaka babban titi, kullum raina a hannu har su dawo. Tsakar gidan kuma an cinye shi da falo biyu, na baƙi da ba sa zuwa, wurin shanya ma da ƙyar, turmi kuwa in na daka maigida ya ce zan fasa masa tayil. Yaran kuma ba dandali ba filin ƙwallo, daga makaranta sai waya sai katun, ɗana mai shekara tara bai san langa ba bai san sunan yaro ko ɗaya a layinmu ba. Ba na ce tsohuwar unguwa aljanna ba ce, akwai gulma akwai kwata a ƙofar gida akwai layin banɗaki da safe, ba zan ɓoye ba ina jin daɗin banɗakina. Amma duk wanda ya yanka unguwarmu bai taɓa tunanin mace za ta zauna a ciki ba.

Dillalin Fegi: Na san ni ake jira, tun ɗazu ana ta harbin iska, to ga ni. Hajiya Allah ya huci zuciyarki amma ku ji lissafi. Magada sun zo min da gona eka ɗaya, su goma sha biyu, kowa na son kasonsa jiya ba yau ba. Eka ɗaya in ka yanka hamsin da ɗari fegi takwas take bayarwa in ba ka fidda komai ba. In na fidda hanya mai faɗi irin wadda Injiniya ke so da wurin lambatu, biyu sun tafi, saura shida. In ce a bar na makaranta ko masallaci, saura biyar. To wa zai biya ukun nan? Magada za su ce na cuce su su kai ma wani dillalin da zai fidda musu tara. Mai saye kuma, ku ɗin nan da kuke zagina, wallahi ban taɓa ganin wanda ya zo ya tambaye ni ina ruwa ke bi ba, tambaya ɗaya ce nawa ne kuma a rage. Da rani ake sayen fili, ƙasa a bushe kowa na murna, sai Agusta a zo ana nemana a waya. Kuma hanyar ƙafa ashirin da na bari, ku ne dai kowa in zai yi gini sai ya ci ƙafa biyu ya fito da dakali ya haƙa masai a waje, kafin shekara biyar motar ɗaukar gawa ma ba ta shiga. Na taɓa kai takardun wata gona ofishin da abin ya shafa don a yi mana awo na hukuma, wata bakwai ina zarya ana ce min oga bai zo ba, ranar da na gaji na ɗauko igiya da turaku kwana biyu na gama. Ku gaya min in ku ne.

Ɗan Kanwuri: Gaskiya ɗaya ce, ni ma na ci ƙafa ɗaya da rabi, magini ya ce kowa haka yake yi. Allah ya yafe mana.

Injiniya: Alhaji Dillali na gode da ba ka ɓoye ba, don nan ne maganar take ba Dubai ba. Ranar da ka buga turakun nan ranar aka gina unguwar, sauran duk cikawa ce. Gida ana rushe shi a sake, kwano ana canzawa, bishiya ana dasawa ko bayan shekara ashirin, amma faɗin hanya in an yanka an yanka kenan, jikokinmu da shi za su zauna, sai dai gwamnati ta zo da katafila da biyan diyya da koke-koke. Tun ran gini ran zane. Kuma a doka ba aikinka ba ne kai kaɗai, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar cikin birni a hannun gwamna amana, akwai kuma dokar tsara birane ta 1992, takarda ba ta yi ƙaranci ba. Matsalar gari na gudu a babur awo na binsa da ƙafa. Ni ba na ma neman a zana kowane gida, hukuma ba za ta iya ba. Abu kaɗan nake so, a riga dillalai isa gonakin da ke bakin gari, hanyar Sakkwato, hanyar Zariya, hanyar Ƙaura, hanyar Magami, a buga siminti a ce nan babbar hanya ce ko da sai nan da shekara goma sha biyar za a zuba kwalta, nan hanyar ruwa ce ba a gini, nan makaranta nan kasuwa nan maƙabarta. A dasa dogon yaro a jere a kan iyakar don kowa ya gani da ido. A biya masu gona tun ƙasa na da araha. In doka ta hau kan kowa daidai, magada ba su da wani dillalin da za su gudu wurinsa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum dubu 383 da 'yan kai, kowa a nan ya san yau an wuce nan nesa ba kusa ba.

Ɗan Dansadau: Salamu alaikum, ban cika magana a nan ba amma yau dole. Kuna ta cewa gari ya cika gari ya cika, to mu ne cikon. Ni ban zo Gusau don ina sha'awar birni ba, ina da gonata ina da shanun huɗa biyu ina da rumbu, dare ɗaya muka baro komai. Shekara uku kenan muna cikin kangon wani bawan Allah, ba ƙofa ba taga sai buhu da muka rataya, mu goma sha ɗaya ɗaki biyu, kuma ya kyauta mana don ko sisi bai karɓa, amma ranar da ya samu kuɗin rufi sai mun tashi. Irinmu daga Maru da Tsafe da Zurmi da Anka da Maradun Allah kaɗai ya san yawanmu a kangayen garin nan. Ina tura kurar ruwa yanzu, wataƙila ma ni na sayar ma Alhaji bokiti biyun da ya kwara. Da farko muna cewa in an samu lafiya za mu koma, to yarana biyu a nan aka haife su, babban ɗana da muka zo da shi kuma ya fara koyon gyaran babur, ko yau aka ce lafiya ta samu ban jin zai bi ni. Don haka masu ilimi in kuna zana garin gobe ku sa mu a lissafi. Ba GRA muke nema ba, ɗan fili ko talatin da arba'in ne wanda mutum zai biya a hankali ba a zo an rushe masa ba, da famfo kusa. In ba a yanka mana wuri ba, inda ruwa ke bi nan ne kaɗai kuɗinmu zai iya saye, kuma nan za mu gina, sai ambaliya ta zo a ce mun cika taurin kai.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Allah sarki ɗana. Allah shi kawo muna ƙarshen wagga masiha. Wanga shi na batun da ba a so a taɓa.

Maman 'Yan Biyu: Amin Baba. Malam in matarka na iya wanke-wanke ko kitso ka yi min magana ta gefe.

Nas Mai Dare: Amin ya Allah. Ina so in ɗan ja da masu kewar da. Baba ya manta bai faɗi kududdufai ba, duk tsohuwar unguwa akwai su inda aka haƙi ƙasar gini, kuma mu da ke asibiti mun san abin da suke haifarwa da damina, gado ba ya isa, yara biyu uku a gado ɗaya duk maleriya, ban da waɗanda ke faɗawa ciki. Ni ban ga laifin wanda ya cike su ba.

Injiniya: Anti gaskiyarki kan sauro, amma kududdufin nan shi ne tulun unguwa, ruwan sama na sauka ya tara shi ya riƙa tsotsewa ƙasa a hankali rijiyoyi su samu. Da aka cike da shara aka sayar aka gina, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakin mutane yake shiga yanzu. Kuma ga kowa ya malale gidansa ba inda ruwa zai nutse, kowa kuma ya haƙa bohol, muna zuƙa ba ma mayarwa, shi ya sa sabon bohol kullum sai ya fi na maƙwabci zurfi. Gyara shi ake yi ba kashewa ba, a zagaye shi a hana zuba shara a fidda masa mafita yadda ruwan ba zai kwana da yawa ba. Sauron yanzu ma ai a lambatun da ledar fiya wata ta toshe yake haihuwa. Ruwanda tun 2008 ta hana leda, ba su fi mu kuɗi ba.

Nas Mai Dare: A zagaye a kula, wa zai kula? Mu da kwalbatin layinmu ya shekara biyu a karye. Ni dai ban yarda ba tukun.

Mai Bulo: To yanzu tsakani da Allah ban da wasa, ku masu son ginin ƙasa wa zai koma yaɓe duk shekara? Na taso ina cuɗa ƙasa da babana, kafin damina sai an bi soro an toshe an gyara indararo, in an yi sakaci shekara ɗaya ruwan Agusta ya kwana yana zuba sai ka ji bango ya zauna, mutane nawa gini ya danne? Azara ma yanzu ina giginyar? Kuma ka je neman aure ka ce gidanka na ƙasa ne ka ga yadda uwar yarinya za ta dube ka.

Injiniya: Ba wanda ya ce a koma tubali da hannu. Akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, a ɗora shi kan harsashin dutse da kankare yadda ruwa ba zai ci gindinsa ba, rufi ya fito sosai ya kare bango. Wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, da irinsa ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwanon sama ya bar tazara tsakaninsa da silin na ƙasa iska na ratsawa tana kwashe zafin, a 2022 aka ba shi Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko. Zafin ƙasarsu irin namu ne. Nan kusa ma a Nijar, masallacin Yama na ƙasa ne, magininsa Falke Barmu ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Turawa na hawa jirgi su zo kallo mu muna jin kunya. Kai da ke da wurin buga bulo ai kai ya kamata ka fara, injin ne kawai zai bambanta.

Mai Bulo: Ka kawo min mutum uku da za su saya in sayo injin. Alhaji Ɗan Kanwuri kai ne na ɗaya?

Ɗan Kanwuri: Ni da na gama gini har yanzu kana bina bashi? Abin da zan iya yanzu in fasa intalok ɗin nan ta tsakiya in sa bishiya. Injiniya wacce ba za ta fasa min harsashi ba? Madam na son mangwaro.

Injiniya: Mangwaro na son wuri da ruwa, in tsakar gidan ƙarami ne sa lemun tsami ko gwaba a ciki, dogon yaro a waje ka ja shi kamar ƙafa goma daga bango. Ka bari sai ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli, ka kange saboda awaki. In da hali kwanon ma a shafa masa farin fenti.

Matashi 2050: Ni dai har yanzu ina nan kan gadar sama, ko guda ɗaya ce a Lalan.

Dillalin Fegi: Injiniya maganarka ta tsaya min. Akwai gona eka huɗu da zan yanka ran Asabar can hanyar Ƙaura, magadan na da sauƙin kai, babbansu malami ne. In da gaske kake ka zo da tef ɗinka ƙarfe bakwai ka nuna min inda ruwa ke bi, amma kai za ka yi musu bayanin fegin da zai tafi, ni ba zan iya haɗa ido da su ba.

Injiniya: Zan zo insha Allah. Baba ko za ka raka mu, maganar dattijo ta fi shiga.

Baba Tsohon Ma'aikaci: In ƙahwata ta bari. Ku biyo ku ɗauke ni da mota, ba ni hawa kabu-kabu yanzu.

Admin: To madalla. Wanda ya je ya turo mana hotuna. Sannan mai turo tallan atamfa a tsakiyar magana wannan gargaɗi na biyu ne.

Ɗan Kanwuri: Sun kawo wuta, bari in je in sa caji kafin su ɗauke.